Wuta Ko Mai? Zamanin Kafireto A Hanyar Kwanar Ɗangora Zuwa Doguwa

A Kwanar Ɗangora hanyar da ta taso daga Kano take rabuwa biyu. Wanda ya miƙe, Zariya da Kaduna ya nufa. Wanda ya karya hagu kuwa ya ɗauki hanyar Tudun Wada ke nan, zai ratsa dajin Falgore, ya bi ta ƙasar Doguwa, ya faɗa Saminaka, daga nan sai hawan Jos. Kimanin shekara talatin, daga tsakiyar shekarun 1970 zuwa farkon na 2000, kusan duk ƙaramar motar da take bin wannan hanya da injin kafireto take tafiya. In kuwa ta mutu, tambaya ɗaya ake fara yi kafin a taɓa ko da sifana: wuta ce ko mai? Direba ya san tambayar, yaron mota ya san ta, har fasinjan da ya saba da hanyar yakan riga bakanike furta ta. A kan abubuwan nan biyu, wutar da ke tayar da inji da man da ke isa gare shi, aka gina kanikancin wannan yanki, kuma a kansu aka yi ta sauye-sauye, wasu na ci gaba, wasu na komawa baya.

Yankin ya daɗe da sanin matafiya. Bebeji tsohon zangon fatake ne a hanyar Kano zuwa Zazzau. Baturen nan Clapperton ya bi ta garin a 1826, kuma a nan aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, a gidan Agalawa masu fataucin goro zuwa Gwanja. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga baya manyan motocin katako suka shigo suna kwasar gyaɗa da auduga, a can kudu kuma haƙar kuza a Riruwai ta jawo injuna da direbobi tun zamanin Turawa. Sai dai duk waɗannan motocin kamfani ne, da na En'e, da na tsirarun attajirai. Ƙaramar mota ba ta zama abin gani kullum a Kiru ko Tudun Wada ba sai bayan yaƙin basasa.

Gwamna Audu Bako ne ya fara sauya fuskar wurin. Madatsar Bagauda da ta Tiga, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974, duk a ƙasar Bebeji suke, kuma aikinsu ya kawo tifofi da katafiloli da injiniyoyi, tare da kanikawan da ke kula da su. Ana cikin haka kuɗin man fetur suka shigo, aka biya ma'aikata ariyas ɗin ƙarin albashi na Udoji a farkon 1975, malamin makaranta da akawun ofis suka fara maganar bashin mota. A watan Maris na wannan shekarar Janar Yakubu Gowon ya buɗe masana'antar harhaɗa motocin Peugeot a Kakuri, Kaduna. Lokacin tashar jiragen ruwa ta Legas ta cunkushe da jiragen siminti, don haka kamfanin ya koma ɗauko kayan motar ta sama: jiragen dakon kaya na kamfanin UTA suna tasowa daga Lyon a Faransa su sauka a filin jirgin Kano, a loda akwatunan a tireloli a bi hanyar Zariya da su. Ke nan Fijo da yawa sau biyu suka ratsa ƙasar Bebeji da Kiru kafin a rubuta musu lamba: da farko a cikin akwati sun nufi kudu, sannan a kan tayoyinsu sun dawo arewa.

Fijo 504 ta fito a Faransa a 1968, ta zama gwarzuwar motocin Turai a 1969, ta ci tseren Safari na Kenya a 1975. A nan ba don tsere aka so ta ba. Wagon ɗinta mai layin kujeru uku ta zama motar haya ta dogon zango, akori-kurarta ta zama mai kwasar masarar Doguwa da shinkafar Tudun Wada, salun kuma ta zama motar hakimi da ciyaman da alhajin ƙauye. Yayarta 404 tana nan ba ta gaji ba, ga Bitil da ake harhaɗawa a Legas, ga Datsun da Toyota na Japan. Dukkansu tsarin wuta da na mai iri ɗaya ne a cikinsu, wanda ya iya ɗaya bai rasa kan sauran ba.

In aka ɗaga bonet ɗin 504, injin mai fistin huɗu ne, mai girman cc 1,971, a kwance kaɗan a gefe guda. Batir volt 12 kawai yake bayarwa, alhali fulogi yana buƙatar dubbai, wajen 15,000 zuwa 20,000, kafin tartsatsi ya tsallaka bakinsa. Kwayil ne ke ninka wutar, amma ba ya sakinta sai an datse masa hanya farat ɗaya, kuma mai datsewar shi ne kwantak: ƙananan bakunan ƙarfe biyu a cikin distiributa, waɗanda wata sanda mai kusurwa huɗu take buɗewa tana rufewa. Duk buɗewa ɗaya, tartsatsi ɗaya. Kwandansa yana gefe yana hana bakunan ƙonewa, rota kuma tana juyawa tana raba wutar ga wayoyi huɗu, ɗaya, uku, huɗu, biyu. Tsari ne tsoho, Charles Kettering ya ƙirƙiro shi a Amurka, ya shiga motar Cadillac a farkon shekarun 1910, kuma ya yi shekara sittin ba a sami abin da ya ture shi ba.

Rauninsa a fili yake. Injin da ke juyawa sau 3,000 a minti yana sa kwantak ya buɗe sau ɗari a daƙiƙa guda, tafiyar Kano zuwa Jos ta haura buɗewa miliyan ɗaya. Ratar da ake so tsakanin bakunan ba ta wuce milimita 0.4 ba. Kullum dugadugin kwantak yana gogar sandar yana cinyewa, ratar tana tsukewa, taimin yana ja baya a hankali, mota tana rasa ƙarfi tana ƙara shan mai ba tare da direba ya farga ba, sai ran da ta ƙi tashi da asuba.

Ga yadda ake binciken a gefen titi. Bakanike zai zare babbar wayar da ta fito daga kwayil, ya riƙe bakinta kusa da jikin inji, ya ce da yaronsa, "Buga mu gani." In tartsatsin ya fito shuɗi yana ƙara tas-tas, wuta lafiya lau, sai a koma wajen mai. In ya fito ja, a raunane, ko bai fito ba, sai a ɓalle murfin distiributa. Bakunan kwantak da suka yi baƙi a goge su da samfefa, in babu a yi da gefen kwalin ashana, sannan a saita ratar da kaurin kwalin ko da ido kawai. Taimin kuwa da kunne ake yinsa. A sassauta distiributa, a riƙa murɗa ta kaɗan-kaɗan inji yana aiki, a saurara. In ta yi gaba da yawa, mota za ta riƙa tokarewa wajen tashi, ta riƙa ƙarar ƙarfe a hawa. In ta yi baya, inji ya ɗau zafi, a taka totur har ƙasa ba ta ja. Tsakanin biyun akwai wani ɗan wuri, kuma sanin wurin nan shi ne ya bambanta wanda direbobi ke kira injiniya da wanda suke kira mai kwance-kwance.

Ɓangaren mai bai kai haka rikici ba. Famfon mai a jikin inji yake ɗaure, injin ne ke motsa shi, wata fatar roba a ciki tana sama da ƙasa tana zuƙo fetur daga tankin da ke can baya. Ƙarfin turinsa kaɗan ne, bai kai kashi ɗaya cikin uku na ma'aunin bar ba, daidai abin da zai cika ɗan kofin da ke cikin kafireto. A cikin kofin akwai fulot da allurarsa, in mai ya cika su toshe, in ya ragu su buɗe. Iskar da fistin ke zuƙa ita ke jan fetur ta ƙananan ramukan jet, a gauraya wajen kashi goma sha biyar na iska da kashi ɗaya na mai bisa nauyi. In fatar famfon ta yage, fetur yakan zurara cikin baƙin mai ya tsinka shi, shi ya sa tsohon bakanike ke zaro geji ya shinshina kafin ya ce komai.

Hanyar Falgore ta jarraba wannan tsari ta kowace fuska. Da bazara, a watan Maris da Afrilu, zafin inji da na rana sukan tafasa fetur a cikin tiyo da famfo, famfon ya koma zuƙar tururi, mota ta shaƙe ta mutu alhali tanki cike. Maganin a jiƙa tsumma a lulluɓe famfon, a jira. Da hunturu ƙura ce ke toshe matatar iska da jet. Da damina, kuma ruwan Doguwa ya fi na birnin Kano yawa, raɓa da feshin kududdufi ne ke shiga murfin distiributa su sace wuta. Ga kuma tudu: Kano ba ta kai mita 500 daga doron teku ba, Jos ta haura 1,200. Iskar can sama ba ta da kauri, don haka motar da aka saita a Unguwa Uku a Kano takan isa Jos tana baƙin hayaƙi, fulogi sun yi kunkunniya.

Sannan ga dajin kansa. Tafiya ce mai tsawo babu gari, kuma shekaru da yawa an san ta da 'yan fashi. Babu direban da ke son ya kwana a Falgore yana jiran bakanike. Saboda haka duk direban kirki yana da ɗan ƙunshi a dashbod: kwantak, kwandansa, rota, fulogi biyu, guntun tiyo, filaya da sukundireba. In famfon mai ya mutu gaba ɗaya, sai a ɗaure galan a kan rufi, ko yaron mota ya riƙe shi ta taga, a zuro tiyo kai tsaye zuwa kafireto, man ya gangaro da kansa. Ganganci ne, don ɗigo ɗaya a kan salansa mai zafi ya isa ya tashi gobara, amma motoci da yawa da haka suka kai Tudun Wada. Daga nan ne ma'aunin da direbobin hanyar suke auna kowane sabon abu da shi ya samo asali. Ba sa tambayar ko ya fi kyau. Tambayarsu, in ya lalace a daji, ana iya lallaɓa shi?

Garejin lokacin ba gini ba ne. Inuwar darbejiya ce ko ta mangwaro kusa da tasha, da akwatin ƙarfe, da ƙasar da baƙin mai ya rine. Da yawa daga iyayen gidan farko a Sabon Garin Kano ko Zariya ko Kaduna suka koyo aikin, a hannun Yarabawa da Ibo da mutanen Ghana, kafin su dawo gida su kafa nasu. Yaro yakan fara da wankin kayan inji a kwanon fetur da miƙo sifana, goma, sha uku, sha bakwai, sai ya shekara kafin a bar shi ya kwance kafireto, sai ya yi wasu shekarun kafin a yaye shi. "Oga, mai ba ya zuwa." "Zuƙo shi mana." Sai yaron ya sa tiyo a baki ya ja, ya cika kumatu da fetur ya fesa a maƙogwaron kafireto. Abin takaici, har zuwa farkon shekarun 2000 fetur ɗin ƙasar nan da dalma a cikinsa, kuma babu wanda ya gaya wa yaran nan abin da suke haɗiya. A hankali sana'ar ta rarrabu, aka sami mai inji, da mai wayarin, da wanda bai san komai ba sai kafireto, kuma shi ne direbobi suka fi yi wa layi.

Shekarar 1986 ta karya wannan zamani. Gwamnatin Janar Babangida ta shigo da tsarin SAP, darajar naira ta faɗi, sabuwar Fijo ta fi ƙarfin ma'aikaci, kayan gyara na asali masu tambarin Ducellier ko Bosch suka yi tsadar da direban haya ba zai iya ba. Kasuwa ta cika da kwaikwayo, aka fara tambayar mai saye, "Orijinal ko Taiwan?" Kwandansan da a da yake shekara ya koma yin makonni. A gefe guda tsofaffin motocin Turai suka fara kwararowa. Wasu samarin Faransa ne ke tuƙo tsofaffin 504 su keto Sahara ta Tamanrasset da Arlit da Agadas su sayar a Nijar, har rikicin farkon shekarun 1990 ya toshe hanyar. Mafi yawa kuwa ta ruwa suka zo, daga Beljiyam zuwa Kwatano, tare da kwantenoni cike da injuna da kayan da aka kwance, waɗanda suka sauka a Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna.

A cikin tarkacen nan kanikawan kudancin Kano suka tsinci distiributar da ba ta da kwantak. A Amurka kamfanin Chrysler ya fara sa ta a motocinsa a 1972, General Motors ya biyo baya a 1974, kafin ƙarshen shekarun 1980 ta game Turai da Japan. Maimakon bakunan ƙarfe, wani faifai ne mai haƙora huɗu ke wucewa ta gaban maganaɗisu, duk wucewar haƙori sai saƙo ya tafi ga wani ɗan akwati, iginaita, shi kuma ya datse wa kwayil wuta. Babu abin da ke gogar wani, don haka babu abin da ke cinyewa. Da yake injin 505 ɗan gida ɗaya ne da na 504, distiributarsa takan zauna a gurbin tsohuwar ba tare da wahala ba, masu Toyota da Datsun su ma suka samo na danginsu. Wanda ya sa ya ga bambanci: tashi ɗaya da asuba ko cikin sanyin Janairu, taimin ba ya gocewa, fulogi suna daɗewa, mai yana ɗan raguwa.

Duk da haka ba a karɓe ta hannu bibbiyu ba, kuma masu ƙin suna da hujja. Kwantak yakan yi jinya kafin ya mutu, ya yi kwanaki yana gargaɗi da misin da wuyar tashi, kuma ko ya mutu ana farfaɗo da shi da kwalin ashana. Iginaita faɗuwa ɗaya take yi, ba sallama, kuma akwati ne a rufe, ba abin da za a goge a ciki. Yawancin mutuwar tata ma laifin hannu ne. A haɗa ta da kwayil ɗin da ba nata ba, ko a ɗaure ta a wuri mai zafi ba tare da farantin da ke ɗauke mata zafin ba, ko a juya kan batir, ko mai walda ya kama aiki a jikin mota ba a cire waya ba. Direbobi masu wayo suka raba gardamar: a sa iginaita a inji, a nannaɗe tsohuwar distiributa da tsumma a ajiye a but. Cikin duk sauye-sauyen da aka yi wa injin kafireto a wannan hanya, wannan ne wanda ribarsa ta fi fitowa fili.

Labarin famfon mai na lantarki ya fi haka gauraya. In aka samo mai ƙaramin ƙarfi, aka ɗaure shi ƙasa-ƙasa kusa da tanki, tunda turi ya fi iyawa ba zuƙa ba, aka sa matata a gabansa, to matsalar tafasar mai da bazara ta ƙare, kuma da an murɗa makulli yake cika kafireto kafin batir ya wahala. Amma abin da ya fi yawa a kasuwa famfunan motocin injekta ne, masu turin bar uku, ninki goma na abin da allurar fulot za ta iya tsayarwa. Sa irinsa a kafireto kamar a cika kofin shayi ne da tiyon 'yan kwana-kwana. Mai ya yi ambaliya, ya jiƙa fulogi, ya zuba a kan inji. Masu basira suka riƙa tsaga tiyon biyu, reshe ɗaya ya koma tanki don a rage ƙarfin. Babban haɗarin ma ba a nan yake ba. Motar da kamfani ya ƙera da famfon lantarki tana da rile da ke kashe shi da zarar inji ya tsaya. A gefen titi kuwa sau da yawa waya ɗaya ake ja daga makulli, babu rile babu fis. In aka yi haɗari, inji ya mutu, tiyo ya tsinke, famfon zai ci gaba da feso fetur har sai wani ya tuna da makullin.

Sai kuma abin ya juya. Daga 1992 zuwa 1993 dokar hayaƙi ta Tarayyar Turai ta tilasta wa sababbin motoci matatar hayaƙi a salansa, wadda ba ta jituwa da kafireto, don haka kafireto ya ƙare a can. Golf 3, wadda ta fito a 1991, da injekta da kwamfutar inji ta zo, kuma ita ce daga ƙarshen shekarun 1990 ta fara ƙwace tasha daga hannun Fijo. Ta iso a mummunan lokaci. Shekarun wahalar mai ne, zamanin Abacha, gidajen mai a rufe, 'yan bumburutu a kowace kwana da galan-galan, man kuwa wani da ruwa, wani da tsatsar duro, wani an sirka da kananzir. Nozul ɗin injekta ba ya jure datti. Famfon da ke cikin tanki kuma man ne ke sanyaya shi, direban da kullum galan ɗaya yake zubawa yana ƙona shi bai sani ba. In motar ta fara wasa, bakaniken da ya yi shekara ashirin yana aiki da kunne sai ya tarar da wayoyi fiye da talatin da akwatin da ba ya magana, ba shi da mita, ba shi da littafi. Hukuncin da ya saba yankewa ɗaya ne: "Alhaji, a mai da ita kafireto kawai ka huta."

Haka aka yi ta yi, ba a Golf kaɗai ba, har da Marsandi da bas-bas na Toyota. A cire injekta, a ɗaura manifol da kafireton Golf 2, ko a kai wa mai walda ya yanka farantin da zai zaunar da kafireton wata motar Japan, a nemo distiributar da ke sarrafa taimin da kanta, a rage wa famfo ƙarfi, a tattara wayoyin kwamfuta a ɗaure da roba. Ko Golf 2 ɗin ma ba ta tsira ba, don kafiretonta na asali, Pierburg, yana da tiyoyin iska barkatai, kanikawa sukan toshe rabinsu ko su sauya shi ɗungurungum.

Da sauƙi mutum ya zauna yau ya kira wannan jahilci, amma lissafin direban lokacin bai karkace ba. Motar da ya mayar kafireto ta koma cin kowane irin mai, kowane gareji daga Kwanar Ɗangora zuwa Saminaka yana iya taɓa ta, kuma ba za ta kwanar da shi a Falgore saboda wata 'yar na'urar da sai an je Kano ba. Abin da ya biya shi ne ƙarin shan mai, da hayaƙi, da injin da ke saurin gajiya domin fetur mai yawa yana wanke baƙin man jikin fistin. Muddin mai yana da arha, cinikin bai yi muni ba. Lita tana kwabo 20 a 1982, kwabo 39 da rabi a 1986, naira 11 a 1994.

A Turai da Amurka ma har gobe ana sa wa tsofaffin motoci iginaita da famfon lantarki, akwai kamfanoni irin su Pertronix da Facet da suka shahara da kayan. Amma can 504 ta zama motar marmari, ana goge ta a fito da ita ranar hutu. Aikin da masu sha'awa ke yi da littafi da kayan kwali sabo, kanikawan Kiru da Tudun Wada sun yi shi da kayan Kwatano, a kan motar da za ta ɗauki lodi gobe da asuba.

Kaduna ta daina harhaɗa 504 wajen 2006, fiye da shekara ashirin bayan Faransa ta daina ƙera salun ɗinta. Yau Golf wagon da Sharan da Hiace ne ke lodi a hanyar, tsofaffin akori-kura kuma sai ranar kasuwa ake ganinsu a hanyoyin ƙauye. Kafireto bai mutu ba, ya sauka ne daga mota ya koma babur, da janareto, da injin ban ruwan da manoman rani ke jan ruwan da Tiga ke saki da shi. Baburan Bajaj da Jincheng da suka cika ƙauyukan Bebeji da Doguwa da kafireto suke, wutarsu kuma ta akwati ce ba kwantak, wato haɗin da kanikawan Fijo suka kai gare shi da lalube. Bayan cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, har masu janareto da injin ban ruwa suka fara sauya kafireto da wanda ke karɓar iskar gas ta girki.

Cire tallafin nan ne ya rushe tsohon lissafin. Lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta tsallake 1,000. Direban da ke zuwa Jos ya dawo a motar da aka cire wa injekta, bambancin man da yake ƙonawa a banza yakan cinye kuɗin gyaran injektar ba da daɗewa ba. Wanda motarsa da kafireto aka ƙera ta, ya sa iginaita da kwayil ɗin da ya dace da ita, in zai sa famfon lantarki ya nemi mai ƙaramin turi, kuma kada ya bar gareji sai ya ga fis da rile da idonsa. Wanda tasa injekta ce ya bar ta a yadda take, ya nemi mai na'urar gwaji. Masu irin wannan na'ura sun fi yawa a birni, don haka aiki ne a gaban ƙungiyar kanikawa ta NATA da ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa su kawo horon kusa da gida. Yaron da aka kai gareji bana a Tudun Wada ko Kwanar Ɗangora, in ogansa bai saya masa mita ba, iyayensa su saya masa.